Barkono Biyu Daga Hannun Rabi'a

Mai girma shugaban taro, Dakta Habu Falalu. Babanmu Rabaran Davou Dalyop. Babanmu Malam Ja'afaru, limamin 'yan'uwanmu na nan Sparkhill. Uwarmu kuma shugabar matan wannan ƙungiya, Mama Scholastica. Dattawanmu maza da mata. Ɗalibanmu da suka ajiye littattafai a jami'a can Oxford Road na Manchester suka cika mota tun da sassafe. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, waɗanda na san sai da wasunku suka yi musayar shift, wato lokacin aiki, kafin su samu zuwa. Jama'ar Birmingham masu masauki, da mu jama'ar Manchester baƙi masu yawan ci: ina gaishe ku gaba ɗaya. Salamu alaikum. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Justina Kambai, 'yar Kagoro, Maman Clara, matar Bartholomew da ke zaune can kusa da ƙofa yana duban agogo, domin ya san halina idan aka ba ni abin magana. Baban Clara, ka kwantar da hankalinka, ba za mu rasa motar komawa ba.

Wajibi ne in fara da godiya. Na gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana, ya kawo mu lafiya duk da ruwan saman da ya raka mu tun daga Manchester. Na gode wa shugabannin Zumuntar 'Yan Arewa da suka riƙe wannan taro shekara bayan shekara, a zamanin da ake rufe ɗakunan taron unguwa ɗaya bayan ɗaya, har samun wuri irin wannan ya zama aiki. Na gode wa matan da suka tsaya kan tukwane tun jiya, ƙamshin da ke shigowa daga kicin yana gaya mini kada in daɗe. Kuma na gode wa Khadijatu, ga ta nan a layin gaba, wadda za ku ga ta ɗaga waya sama har in gama. Ba hoto take ɗauka ba. Zan faɗa muku dalili idan lokacinsa ya yi.

An ce in yi magana a kan tsaron mata a hanya. Mama Scholastica ta ce in ba da shawara. Ni kuwa ba ni da shawarar da ta fi abin da ya same ni, don haka shi zan shimfiɗa a gabanku, da kunyarsa da komai. Wasunku sun ji rabinsa a bakin wasu, an ƙara masa gishiri. Yau za ku ji shi a bakin mai shi.

Magana ta farko, tsoro.

Hunturun shekara biyu da suka wuce ina shekarar ƙarshe ta karatun jinya. Shekara tara na yi ina wanke tsofaffi, ina juya su a gado, ina ba su abinci a baki, kafin in samu shiga uni, wato jami'a, ina da shekara talatin da bakwai. Saura wata shida in gama, aka tura ni placement, wato aikin koyo, a wani gidan kula da tsofaffi can bayan gari, bas biyu daga Old Trafford inda muke zaune. Kun san shekarun nan na tsuke bakin aljihu. Bas ɗin da a da yake zuwa a kai a kai ya koma sau ɗaya a awa. Fitilar tashar ta mutu, aka daɗe ba a gyara ba. Kun kuma san Disambar ƙasar nan, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, alhali a gida lokacin ma yara ba su gama wasa ba.

Akwai wani mutum da ya fara tsayawa a tashar. Rana ta farko kallona kawai ya yi. Rana ta biyu ya matso yana magana, na yi kamar ban ji ba. Rana ta uku ya kama wuyan hannuna, ya matse, yana dariya, yana tambayata ko a ƙasarmu ba a koya wa mata amsa gaisuwa ba. Allah ya kawo bas, ya sake ni. Na kai ƙara, wata matashiyar 'yar sanda da gajiya ta bayyana a idonta ta rubuta, ta ba ni kati mai lamba. Ban ga laifinta ba. Amma washegari ni ce a tashar nan, da katin a jaka.

Maza, ina so ku saurare ni a nan, domin na ji wasunku sun yi dariya lokacin da labarina ya zagaya. Mace ba ta neman abin kare kai don sha'awa. Tana nema ne saboda ta tsaya ita kaɗai a wani wuri, ta duba gabas ta duba yamma ba ta ga kowa ba. Baban Clara a nan Birmingham yake aiki, sai Asabar yake dawowa. Da na gaya masa, cewa ya yi in bar placement ɗin. In bar shi in koma ina? Shekara tara na jira shi.

Magana ta biyu, kyauta.

A saman flat ɗinmu akwai wata ɗaliba, Rabi'a, 'yar Zariya, tana digirin dakta a fannin haɗa magunguna. Daddawa ce ta haɗa mu. Wata Lahadi ina miyar kuka na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga yarinya da hijabi, ta ce, "Don Allah Anti, ki yi haƙuri, ƙamshin ne ya sauko da ni. Wata takwas rabona da shi." Tun daga ranar ta zama 'yar gida. Idan azumi ya zo ni nake ajiye mata kunu, idan Kirsimeti ta zo ita take yanka albasa tana hawaye tana zagin wuƙata. Ita na fara gaya wa zancen mutumin tashar, tun kafin mijina. Ta ga shatin yatsunsa a hannuna da idonta.

A watan Janairu ta tafi Amurka taron masana. Da ta dawo ta sauko da tsaraba: alewa ta Clara, hula ta Baban Clara, ni kuma wani ɗan abu ruwan hoda, tsawon ɗan yatsa, da zobe na rataya makulli. Ta ce, "Anti, wannan pepper spray ne, barkonon feshi. Can a kanti ake sayar da shi, kusa da cingam. Ba ya kisa, ba ya yanka. Idan ya sake taɓa ki, ki fesa masa a ido ki gudu."

Jama'a, ku yi mini adalci. Dukanmu nan mun san abin da aka hana shigowa da shi ƙasar nan. Mun san an hana kilishi, kuma ba zan dubi kowa ba ina faɗar haka, ko da yake na ga Dakta ya sunkuyar da kai. Mun san wuƙa laifi ce, mun san bindiga laifi ce. Amma barkono? Abin da muke dakawa a turmi, muke barbaɗawa a tsire, muke zubawa a miya har yara su yi kuka? Kilishi muke ɓoyewa a ƙasan akwati, barkono kuwa a sama muke ɗora shi. Rabi'a mai digiri biyu ba ta yi tunanin tambaya ba, ni mai shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan ban yi tunanin tambaya ba. Na rungume ta, na rataya shi a makullina, a fili, kowa yana gani.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ya ba ni kwanciyar hankali. Mako biyar na yi ina tsayawa a tashar nan da shi a tafin hannuna, kaina a ɗage. Ban taɓa danna shi ba, ko don gwaji. Mutumin ma bai sake zuwa ba, ban san dalili ba. Amma na yi barci a makonnin nan, abin da na daɗe ban yi ba.

Magana ta uku, bakina, da wata kalma guda.

Wata Talata da rana tsaka na fito daga lacca a Oxford Road, na tarar da 'yan sanda sun kafa tebur a bakin titi suna raba wa ɗalibai 'yar na'urar nan mai ƙara, wadda ake ja ta yi ihu. Wata 'yar sanda mai fara'a ta miƙo mini ɗaya. Da na karɓa na yi godiya na wuce, da yau ba ni da labari. Amma kun san ni. Na dubi abin na yi dariya, na ce mata ta bar wa yara, ni ina da wanda ya fi shi. Na zaro makullina na ɗaga mata shi a gaban fuska, ina alfahari.

Fara'ar nan ta ɓace. Ta ce, "Where did you get that, love?" tana tambayata inda na samo shi. Ta sa safar hannu, ta karɓe shi, ta saka a leda. A nan bakin titi, ɗalibai suna wucewa, ta gaya mini cewa dokar ƙasar nan ta ajiye wannan ɗan abu ruwan hoda a sahu ɗaya da bindiga. Na ce ai don kare kaina ne. Ta ce wannan ba hujja ba ce. Ta rubuta sunana, ta ce in zo ofishinsu ranar Juma'a ƙarfe biyu. Sannan ta tausasa murya ta ce mai yiwuwa caution kawai za a ba ni.

Caution. Ku riƙe wannan kalma, ita ce dalilin tsayuwata a nan.

Da na ji ta, sai hankalina ya kwanta. Na ce a raina ai jan kunne ne. Mun san shi a gida: ka yi kuskure, babba ya kira ka, ya yi maka faɗa, ka durƙusa ka ce ka tuba, ya ce tashi ka tafi, kada ka sake. Shi ke nan magana ta mutu. 'Yar sandar ta ce ina da damar samun lauya kyauta, na ce a'a, na gode. A tunanina mai laifi ne yake neman lauya, ni kuwa 'yar mutunci ce, zan je in ba da haƙuri. Na kira Baban Clara na gaya masa, shi ma ya ce to Allah ya rufa asiri, jan kunne ne.

Ranar Juma'a da safe ina goge zanen da nake zuwa coci da shi, domin na ƙudura in je karɓar faɗa cikin shiga ta kamala. A daidai lokacin Baban Clara yana shagon aski a Stratford Road, nan bayanmu kaɗan, yana ba da labarina ana dariya. A kujerar kusa da shi akwai wani mutum da bai sani ba sai gaisuwa, an aske masa rabin kai. Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ta sa hannu a wata takarda?" Baban Clara ya ce sai ƙarfe biyu. Ya ce, "Ba ni lambarta."

Barista Abdulsalami, don Allah ka miƙe jama'a su gan ka. Kun ga yau askin ya cika.

Wayata ta yi ƙara, na ji muryar da ban sani ba. Ya ce, "Maman Clara, ni lauya ne, ina tare da maigidanki. Ki saurare ni da kyau. Caution ba jan kunne ba ne. Sa hannu ne cewa kin amsa laifi, kuma yana zama a kan sunanki. Wane aiki kike karanta?" Na ce jinya. Sai ya ce, "Duk asibitin da ya binciki DBS ɗinki, takardar nan da ke nuna tarihin mutum a wurin hukuma, zai ga laifin makami. Kada ki sa hannu a komai. Ki ce kina jiran lauyanki. Ga ni nan tafe."

Na zauna a ƙasa da dutsen guga a hannuna. Shekara tara na wankin tsofaffi, shekara uku na karatu, duk na shirya in je in sa musu hannu da kaina, da zanen coci, ina godiya.

Ya tuƙo mota daga Birmingham zuwa Manchester da rabin aski, ya sa hula ya rufe. Ya rasa jam'in Juma'a saboda wata Kirista da bai taɓa gani ba, ya yi sallarsa shi kaɗai a wurin hutawar matafiya a bakin hanya. Malam Ja'afaru, idan akwai laifi a wannan, a kaina yake, ku rubuta mini shi. Barista, na gode. Na faɗa a ɗakina, na faɗa a coci, yau na faɗa a gaban jama'a: na gode.

Magana ta huɗu, ita ce mai nauyi, ku yi haƙuri idan muryata ta karye.

A ofishin 'yan sanda na faɗi komai. Na faɗi mutumin tashar, na nuna katin mai lamba, na ce ban san doka ba, na ce ni da kaina na nuna abin. Sai suka zo tambaya guda: wa ya ba ki? Na yi shiru. Suka sake, na yi shiru. Barista ya ja ni gefe ya ce, "Maman Clara, shirun nan yana cutar ki. Suna ganin kamar kina rufa wa mai sayarwa asiri ne. Muddin ba su san inda ya fito ba, ba za su rufe maganar ba." Na ce kyauta ce. Ya ce daga wa? Na ce daga wadda ta ga shatin yatsu a hannuna. Laifin wanda ya shigo da shi ƙasar ya fi nawa, na gane haka. Rabi'a saura mata wata huɗu ta kare digirinta, kuma wani wurin bincike ya riga ya yi mata alkawarin aiki. In kira sunanta? Na ce su yi abin da za su yi.

Suka ce za su ci gaba da bincike. Dole na sanar da uni, aka dakatar da placement ɗina har a ga ƙarshen magana. Na koma gida na zauna. Rabi'a ta sauko ta ga makullina a kan tebur, ta ce, "Anti, ina barkonon?" Na ce ya faɗi a bas. Ta ce, "Me ya sa ba kya fita aiki?" Na ce hutu aka ba mu. Mako biyu ina yi mata ƙarya, ni da nake koyar da yara a Sunday school. Amma na manta da mijin da na aura. Ranar Asabar Rabi'a ta tare Baban Clara a matakala, kuma Baban Clara bai iya ƙarya ba, ko ta ceton rai.

Ta ɓoye mini cewa ta gano gaskiya. Ta kira Barista, ya ce ba zai iya tsaya mana mu biyu ba, ya haɗa ta da wata lauya. Amma kafin nan ya gaya mata gaskiya duka, bai rage ko ɗaya ba: abin da caution yake nufi, abin da zai iya yi wa aikin da aka yi mata alkawari, da cewa abin yana iya wuce caution ya kai kotu. Ta ji duka. Ta hau sama ta binciko rasit ɗin kantin Amurka, domin Rabi'a ba ta yar da takarda, ta ɗauki fasfonta, ta shiga bas ta tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarta.

Da na ji, na hau matakalar nan da gudu, raina a ɓace. Na ce, "Wa ya aike ki? Ni na ce ki je?" Tana zaune a kan sallaya. Ta ɗago ta ce, "Anti, ni na saka shi a akwatina. Ke kin rufe bakinki saboda ni, ni kuma sai in rufe nawa saboda kaina? Da wane ido zan dube ki a matakala?"

Bayan mako uku wasiƙa ta zo mini: ba za a ɗauki wani mataki a kaina ba. Na koma placement, na gama, na samu lambar rajistata. Yau shekara ɗaya da wata biyu ina aiki a matsayin cikakkiyar ma'aikaciyar jinya, sunana fes. Rabi'a kuwa aka ba ta caution. Jama'a, ku dubi wannan abu da kyau. Takardar da na kusa sa wa hannu cikin jahilci, ina tsammanin jan kunne ce, ita ce Rabi'a ta sa wa hannu ido buɗe, ta san kowace kalma da ke ciki. Ta kare digirinta. Wurin binciken ya janye alkawarinsa. Ta haɗa kayanta ta koma Zariya, tana koyarwa. Ni na raka ta filin jirgi, kuma ita ce take ba ni haƙuri ina kuka.

Na ji masu cewa ai ita ta jawo. Wanda ya sake faɗin haka ya faɗa a gabana. Ita tausayi ya sa ta saya, ni kuwa fankama ta sa na ɗaga shi a gaban 'yar sanda. Idan ana neman wanda ya jawo, ga ni tsaye.

To, me nake roƙonku?

Ina roƙon 'yan'uwana mata, kada ku ɗauki barkonon feshi a ƙasar nan. Kada ku saya ta intanet, kada ku karɓa a tsaraba, ko daga hannun wanda ya fi kowa ƙaunarku. Halal ne a wata ƙasa, a nan laifi ne, kuma ba a duban kyawun niyya kafin a rubuta suna. Idan akwai wadda yake cikin jakarta yanzu haka, kada ki ɗaga hannu, kada ki jefa shi a shara. Bayan an ci abinci ki ja Barista gefe, zai gaya miki yadda za ki rabu da shi. Ya yi mini alkawarin ba zai tashi da wuri ba.

Ina roƙon kowa, mace da namiji, ɗalibi da ma'aikaci: idan hukuma ta ce kana da damar lauya, ka karɓa. Neman lauya ba amsa laifi ba ne. Kuma duk kalmar da aka faɗa maka a ofis, kada ka fassara ta da ma'anar gida, ka tambayi wanda ya sani. Mun iya Turanci, wasunmu sun fi masu shi iyawa, amma kalma tana da ma'anar makaranta, tana kuma da ma'anar doka.

Kuma ina roƙon shugabanni da mazajenmu, kada ku tsaya a cewa mata su ajiye barkono. Idan kun karɓe shi daga hannunta, tsoron yana nan, tashar tana nan, duhun ƙarfe huɗu yana nan. Ga makullina, kun gani, 'yar na'urar ihun da na raina ce a jiki yanzu, kuma tana da amfaninta. Amma ihu sai da mai ji. Matan Old Trafford mun fara wani abu: duk wadda za ta tashi aiki a wurin da ba mutane, tana faɗa a group ɗinmu na waya, wata ta kira ta, su yi ta hira har bas ya zo, mai mota kuma idan hanyarsa ce ya biya ya ɗauke ta. Maza huɗu ne kawai suka ba da suna. Na ƙirga mazan da ke ɗakin nan, kun fi sittin. Takardar sa suna tana hannun Mama Scholastica.

Yanzu, Khadijatu, ɗaga wayar sosai. Jama'a, tun da na fara magana Rabi'a tana kan layi daga Zariya, tana jin komai. Na san tana can tana cewa Anti ta tona mata asiri.

Rabi'a, ƙanwata. Kin hana ni yi miki godiya a filin jirgi, kin hana ni a waya, kullum sai ki ce layi ba kyau. Yau na tara miki shaidu, limami da fasto suna zaune, ba inda za ki gudu. Duk safiyar da na sa rigar aiki, ke nake tunawa. Duk majinyacin da na riƙe wa hannu, da hannunki a ciki. Kin zo ƙasar nan neman takarda ɗaya, kin koma da biyu, kuma ta biyun tawa ce kika ɗauka. Ba ni da abin da zan saka miki da shi. Allah ya saka miki, ya ɗaukaka ki a inda kike, ya ba ki abin da ya fi wanda aka janye.

Jama'a, abu na ƙarshe. Watan jiya wani ɗalibi ya dawo daga gida da ƙunshi, ya ce Dakta Rabi'a ta ce a ba Anti Justina. Na buɗe na ga gwangwani babba, cike da yaji dakan Zariya. A kan murfin ta manna takarda da rubutun hannunta: "Anti, wannan na tambaya. An yarda." Ban taɓa shi ba, na kawo shi nan na miƙa wa masu kicin. Naman da za a sa a gabanku yanzu, yajinta ne a kai. Idan kuka ga hawaye a idona muna ci, ku ce barkono ne, ni ma haka zan ce.

Allah ya tsare matanmu a tashoshin bas da hanyoyin aiki. Allah ya tsare ɗalibanmu, ya ba su abin da suka zo nema, ya mai da su gida da mutuncinsu. Allah ya raba mu da kuskuren da ba mu san kuskure ba ne. Allah ya ba ƙasar da muke zaune sauƙi, ya ba ƙasar da muka baro zaman lafiya. Allah ya bar zumuncin da ke tsakanin masallaci da coci a wannan ɗaki, ya ba kowannenku maƙwabciya irin tawa. Masu komawa Manchester, Allah ya kai mu lafiya. Masu masauki, Allah ya huta gajiya.

Rabi'a, kina ji? Na gode.

Jama'a, na gode.